Mariƙi na Huɗu

Mariƙi na huɗu ke nan da Malam Labaran ya ƙera, shi ma wuƙar na taɓa ƙarfe ta kama kakkarwa, bakinta ya ɓalle.

'Yarsa Zuwairatu na leƙe ta bayan ƙofa, takaici kamar ta yi kuka. Tsohon injin feƙe ƙarfe ne, ya sayo shi Katsina ya girka a zaure, ba abin da ya rasa sai ɗan dunƙulen da ke riƙe wuƙa. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran injin niƙa a Batsari, wai ɗan abin nan ya gagare shi. A bakin famfo har an fara cewa Labaran ya tsufa, hannu ya mutu. Ita abin da ke ci mata rai ke nan, sunan babanta.

Ga waɗanda suka kawo aikin sun matsa. Su biyu ne, bisa mashin suke zuwa, ba su zama, ba su shan ruwa. Sun aje bututai masu kauri cikin buhu. Duk zuwa sai Malam Labaran ya tada janareta a gabansu, wuƙa ta karye, ya buɗe hannuwa ya ce to sun dai gani. Wannan karon dogon cikinsu ya ce Alhamis ce ta ƙarshe.

Ita kuwa ta gano matsalar. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mata bakin wuƙa dole ya tsaya daidai cibiyar ƙarfe, in ya haura ba ya yanka. Ta auna da tsinken tsintsiya, duka huɗun sun yi tsawo, kuma tsawon iri ɗaya. Da ta faɗa masa sai ya daka mata tsawa, ya ce kar ta ƙara taka zauren. Bai taɓa yi mata haka ba.

Ran Laraba ya tafi gaisuwar mutuwa Karare. Ta kwance mariƙin, ta rufe shi a kwanon abinci, ta ce wa Inna za ta duba Gwaggo a Safana. Sai ta wuce shagon Kawu Yusha'u, ƙanin Inna, mai walda.

"'Yar Labaran, yaushe kika zama maƙeriya? Mijinki ya shiga uku."

Ta roƙe shi kar ya gaya wa kowa. Ya rage gindin daidai tsinkenta, kafin la'asar ta maida shi, ta ɗaure tamau.

Alhamis da hantsi suka zo. Malam Labaran ya ɗora bututu ɗaya kamar kullum, ya tura wuƙa. Ba ƙara, ba kakkarwa, ƙarfe na sauka a nannaɗe kamar taliya. Dogon ya shafa wurin, ya yi murmushi, ya yi masa magana a kunne, suka tafi.

Zuwairatu ta fito tana ɓoye dariya da mayafi, ta ce ita ce ta gyara.

Ya zame ya zauna ƙasa.

"Zuwaira, wata biyu ina ɓata shi da gangan. Mutanen daji ne, bakin bindiga suke so, gobe za su zo su tafi da ni da injin."