Sammacin Ranar Talata

"Miƙo ashana, Hajiya!"

Tun da sammacin hukumar binciken kuɗi ta jiha ya iso gidan Alhaji Gwadabe a Ƙofar Marusa ya kasa cin abinci. An ce ya bayyana Talata, da duk takardun kamfanin nan mai ninka kuɗi da ya zuba wa miliyan tara.

"Alhaji, ka tuntuɓi lauya mana," in ji matarsa.

"Don ya raka ni gidan yari?"

Ya ƙone takardun ƙurmus.

Ran Talata wata jami'ar hukumar ta tarbe shi da fara'a.

"Baba, kwantar da hankalinka, kai shaida ne kawai. Mun ƙwato kuɗin. Duk mai rasit za a mayar masa da nasa. Ina naka?"