Sunan da Ya Ƙi Goguwa

Ta dangwarar da wayarta a teburin ma'aikacin asibitin.

"Malam, sau nawa za ku tono mini miji? Wata bakwai da rasuwarsa, kullum saƙo wai ya zo ganin likita!"

"Yi haƙuri, Hajiya. Mu nan mun goge shi. Wayar ma'aikaciyarmu ta ƙauye ce, duk ranar da ta samu sabis sai ta dawo mana da sunansa."

"Aikin banza! Ku gyara!"

"Yanzu zan goge shi a ko'ina. Ba za ki ƙara ganinsa ba."

Ta tsura wa sunan ido. Ko ƙannensa sun daina ambatonsa.

Ta buge hannun ma'aikacin.

"Wa ya ce ka taɓa shi?"