Auta a Tsakiyar Tafki

"Ke Auta, zauna mana, za ki kifar da mu!" in ji Dogo, saurayinta.

Ta zauna daɓas, ta ƙanƙame gefen kwalekwalen. Shekara biyu Dogo yana yawo da baƙi a tafkin nan na babban birni, ita ko ƙafa ba ta taɓa tsomawa ba. Yau ta shigo ne don yau Baba zai yanke maganar aurensu, in ya ce a'a ganin ƙarshe ke nan. Shi dai Baba ba ya son bai wa mai aikin ruwa 'yarsa, wai wata rana gawa za a kawo mata. Yaya na gida tana ta lallashinsa.

A tsakiyar ruwa Dogo ya daina tuƙi. Ya juyo ya dube ta.

"In ya ƙi fa?"

"Sai in bi maganarsa," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ko in bar ruwan?"

"Ka ci me? Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa ba."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai wayarta ta hau kuka cikin ledar da ya ɗaure don kar ta jiƙe. Ta kasa kwance ƙullin, shi ma ya kasa, sai da ya sa haƙori.

Muryar Yaya har ta dishe don murna. "Ya yarda, Auta, wallahi ya yarda. Amma wai sai an koya miki iyo tukuna. Ke, ina kike nake jin ƙarar ruwa?"