Idon Alhaji a Birnin Delhi

Da likitan ya kwance bandejin, ya haska fitila a idon Alhaji Ajimi, ya yi masa 'yan tambayoyi da Turanci, sai ya girgiza kai. Hajja Kellu ba ta jin Turanci, amma girgiza kai ai ba ya bukatar tafinta. Ta tambayi mijinta me aka ce. Ya gyara baƙin gilashin da aka sa masa, ya ce, "Sai godiyar Allah, Hajja."

Shi ke nan, aiki bai yi ba.

Tun daga Maiduguri suka taso saboda idon nan. Shekaru ke nan Alhaji bai ga tafin hannunsa ba. A gida, ɗansu Habib ne ke jan sa zuwa masallaci da ɗaurin aure, to bizar Habib ba ta fito ba, dole tsofaffin biyu suka hau jirgi su kaɗai. Hajja Kellu, wadda ko jerawa da miji ba ta taɓa yi a titin unguwarsu ta Mairi ba saboda kunya, ga ta yau riƙe da hannunsa a tsakiyar Delhi.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. In sun koma, gida zai cika da 'yan sannu da zuwa, kowa yana gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe, yaya ido?" Ba za ta yarda dattijon nan ya zauna a gabansu ba shi da labarin komai sai na rashin sa'a ba. Tun da akwai sauran kwanaki kafin jirgi, ta ƙudurta sai ya ga garin nan kaf, ko da ta bakinta ne.

Washegari ta ɗaura lafayarta, ta tare mai keke Napep, ta nuna masa hoton wata doguwar hasumiya a jikin kalandar masauki. Mutumin ya girgiza kai. Har ta juya, sai ga shi ya ta da keke yana yafito su.

"Mutanen nan da ban mamaki suke, Alhaji," in ji ta. "Sai su ce a'a, sannan su yi."

Alhaji ya yi murmushi kawai.

A gindin hasumiyar, wato Kutub Minar, ta ɗaga kai har lafaya ta zame. Ta ce masa ya ɗauki tankin ruwan unguwarsu ya ɗora wani a kai, ya ƙara wani, ya yi ta ƙarawa har ya gaji, sannan ya zagaye shi da ayoyi sassaƙaƙƙu a jan dutse. Alhaji ya ɗaga fuska daidai inda take nunawa, ya ce, "Ƙara min bayani." Ta ƙara, har da abin da babu.

A kabarin wani sarki Humayun ta lissafa masa lambuna da magudanan ruwa, ta ce gidan mamacin ya fi na masu rai da yawa. Can wani biri ya lallaɓo ya zare ayaba daga jakarta. Alhaji ya fashe da dariya tun kafin ta gama salati. Rabon da ta ji wannan dariya har ta manta, don haka ta yafe wa birin.

Sun bi ta wurin ibadar mabiya wani addinin Indiya masu naɗa rawani, inda ake ciyar da duk wanda ya shigo. Sun tsaya gaban tsohuwar fadar sarakuna, Jar Ganuwa, inda matan gari suka kewaye ta suna taɓa lafayarta suna gwadawa da tasu suturar da suke kira sari. A lungunan tsohon gari, inda wayoyin lantarki ke reto kamar igiyar shanya, ta ga Alhaji ya sunkuya ya wuce wata. Ta ce a ranta, lallai wanda Allah ya karɓi idonsa yakan ba shi wani abin.

A nan ne ma igiyar takalminta ta tsinke. Ta sayi sababbi a bakin hanya, masu kalar da ta san da yana gani sai ya tsokane ta, don haka ba ta ce masa komai a kansu ba.

Ranar ƙarshe ta ajiye wa babban masallacin Juma'a. Suka hau matakala a hankali, suka tuɓe takalma a ƙofa cikin na ɗaruruwan mutane. Ta zayyana masa ƙubbobi uku farare masu zanen baƙi, da tafkin alwala a tsakar fili, da tantabaru kamar an watsa gero. Bayan salla ta roƙi Allah cikin ranta, ba ta ma ce a dawo da ido ba, ta ce dai a bar masa wannan fara'ar har gida.

Da suka fito, takalmanta suka ce ɗauke mu inda kika ajiye. Ta saki hannunsa, ta shiga tonon tuli, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan. Ta yi wa mai gadin takalma nuni da ƙafarta. Ya girgiza kai.

"Ka ji, Alhaji, wai babu!"

"Girgizar nan tasu 'to' take nufi, Hajja," in ji shi, yana miƙo mata hannu. "Shekara arba'in ina jiran ki riƙe ni a gaban mutane, kwana ɗaya ya rage min, kada ki ɓata shi a kan takalmi. Ga su can bayan ginshiƙi, jajaye masu furen zinariya, kamar na amarya."