Lemun Tsamin Goggo Ladidi

Shekara uku ke nan da kafa dokar da ta hana barin duk bishiyar da ke buƙatar ban-ruwa. Ko'ina a garin sai sumak, wata shukar ado mai jan ganye, ba ta shan ruwa, ba ta ba da inuwa.

Goggo Ladidi ba ta yi wa lemun tsaminta ban-ruwa. Alwala kawai take yi a gindinsa, kamar yadda marigayi mijinta ya saba.

Ranar Laraba da hantsi Nafi'u, ɗan ƙaninta, ma'aikacin hukumar ruwa, ya yi sallama riƙe da gatari da dashen sumak. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya taɓa ƙasar.

"Goggo, da danshi."

"Alwala ce, ɗan nan. Ita ma an hana?"

"Ba a hana ba. A kwano ake yi yanzu, a mayar wa hukuma ruwan."

Ta ɗauke butarta. Ya sare lemun, ya dasa sumak a wurin, ya karkaɗe hannu.

"Wannan ba ta buƙatar komai daga gare ki, Goggo."

"Na gani," in ji ta. "Kamar ku ke nan."