Shinkafar Abarba ta Ranar Asabar

Kasko na uku ke nan babban ɗan gidan, wanda bakanike ne, ya ɗora a wuta, kuma har yanzu abin da ke fitowa bai yi kama da abinci ba.

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Mama. Kwana goma sha ɗaya Baba na zaune a falo, yana juya cokali a cikin shayi har ya huce. Likita ya ce in bai ci abin kirki yau ba, gobe gado za a ba shi a asibiti. Mai kaɗan, gishiri kaɗan, amma dai ya ci.

Abu ɗaya shi da ƙanwarsa suka san Baba ba ya turewa: soyayyar shinkafa da abarba, ta ranar Asabar. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa ganin yadda ake yin ta. Mama kan kore su, ta ja ƙofar kicin ta sa sakata. Baba kaɗai ake bari a ciki, shi ma don famfon nan ne da ke tsiyaya duk Asabar tun suna yara. Minti ashirin, sai ƙamshi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, ya same su har tsakar gida.

A kasko na farko, bakaniken ya matse abarba guda a kan shinkafa mai zafi. Ta zama siminti. Kyanwar gidan ta shinshina, ta dube shi, ta fita ta taga.

A na biyu, ƙanwarsa, wadda nas ce, ta karɓi ludayi. Ta auna gishiri kamar maganin jariri, ta ce mai ma ba dole ba ne. Hayaƙi ya kai gidan maƙwabta.

"Sannu, Likita," ya ce. "Wannan majinyacin ya riga mu gidan gaskiya."

"Ai gara nawa, Yaya. Naka da shebur za a kwashe."

Suka yi dariya, dariyar farko tun ranar rasuwar. Sai ta yanke, don ɗankwalin Mama na nan rataye a bayan ƙofa, da ɗaurinsa yadda ta bar shi.

Bakaniken ya share ido da bayan hannu, ya manta ya yanka attaruhu. Ihun da ya kurma ne ya taso Baba.

Ya shigo yana dafa bango, rigarsa ta yi masa yawa. Ya leƙa kaskon, ya girgiza kai.

"Wa ya ce a soya shinkafa da zafinta? Ta jiya ake so, mai sanyi. Matsa."

Nas ta ɗauko masa ragowar shinkafar jiya daga firji. Baba ya zuba mai cokali ɗaya. Ya fara gasa abarbar ita kaɗai har gefenta ya yi ja, ya kwashe. Albasa, karas, koren wake. Ya ture su gefe, ya fasa ƙwai da hannu ɗaya. Ya juye shinkafa, ya girgiza kaskon, ta tashi sama ta dawo, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Abarba ta koma a ƙarshe.

Ƙamshin ya tashi. Shi ne, babu ragi. Bakaniken ya ji kamar in ya waiwaya zai gan ta.

Baba ya ɗanɗana cokali ɗaya don jin gishiri. Ya ƙara. Ya kuma ƙarawa, a tsaye, har ƙasan kaskon ya fara bayyana. Nas ta damƙi hannun yayanta, ba wanda ya yi motsi.

"Baba," in ji bakaniken a hankali, "ashe kana gyaran famfo, kana satar kallon hannun Mama."

Baba ya lashe cokalin. Ya daɗe yana duban buhun shinkafar da ke jingine a lungu, wanda samansa ya lotsa.

"Mamanku ko fere abarba ba ta taɓa yi ba," ya ce. "Ita dai ta zauna a nan ta tsare min ƙofa, tana ba ni labari ina soyawa."