Kankana a Ruwan Gishiri

Tashi a unguwar Gubaira ta birnin Riyad wahala ce kawai. Mu bakwai a ɗaki ɗaya, kullum Baba yana cewa baɗi za mu koma Kano. Ni ko Kanon ban taɓa gani ba.

Wata la'asar ya dawo da kwalba daga wurin Bajamushen da yake yi wa direba. Kankana ce aka jiƙa a ruwan gishiri, sai tsami take tashi. Na ɗanɗana, na tofar.

“Wannan Jamusawa ke ci, Baba?”

“Ina! Sauran Jamusawan kamfanin dariya suke masa. Shi a Rasha aka haife shi. Kakanninsa ne suka je noma can, suka kafa ƙauye, ba su saki yarensu ba.”

“To shi ɗan ina ne?”

Baba ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, “Su ma ai baɗi suka ce za su koma.”

A lokacin ban gane ba. Ga shi na yi furfura a Riyad, 'ya'yana suna yi mini irin tambayar nan.

Washegarin ranar da Baba ya kawo kwalbar nan, da safe na jawo akwatin tafiyarmu daga ƙarƙashin gado, na goge masa ƙura.